Gari Na Faɗi, Hanya Na Toshewa: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Kagara

Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi ne muke bugawa a wannan shafi, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji ya samu ya karanta, ko ya ba yaro ya karanta masa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mutumin Kagara ta ƙasar Goronyo. Ya roƙi a sakaya sunansa saboda maganar ta shafi maƙwabta, mun kuwa sakaya. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ni manomi ne, ina kuma taɓa sayen albasa da tafarnuwa. Bayan ruwan da ya ci garinmu, na sayi fili a bayan garin Goronyo na gina ɗaki biyu na zuba iyali. Sa'ad da na saya fili ne fetal, ta inda ka ga dama za ka shigo, amalanke na zuwa har ƙofar gida. Yanzu gine-gine sun kewaye mu. Hanyoyi uku da muke bi saura ɗaya, ita ma babur kaɗai ke shiga. Bana kuma wanda ya sayi filin bakin lungun ya zube tubali zai ja katanga. Ina son ka yi muna bayani, mi ya sa gari ke ƙara faɗi amma hanya na ƙara matsewa? Haka abin yake ko'ina, ko mu kaɗai ne? Kuma mi za mu yi?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Allah kuma ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa a ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda Kagara na cikin garuruwan da ta fi yi wa ɓarna. Tambayoyinka uku ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari in fara ba ka amsar a dunƙule: ba ku kaɗai ba ne, kuma asalin ciwon shi ne ana yin gini kafin a shata hanya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

HANYA MAI ƁULLEWA DA MARAR ƁULLEWA

Masu ilmin tsara gari ba yawan tituna kaɗai suke dubawa ba, sun fi duba yadda titunan suka sarƙu da juna. Ka ɗauki misalin taru na masunta da kuma reshen itace. Taru kowane zare ya haɗu da ɗan'uwansa ta gabas da yamma, kudu da arewa. In zare ɗaya ya tsinke, sauran na riƙe. Reshe kuwa kansa ɗaya ne, in aka sare shi daga gindi duk ganyen da ke bisa ya mutu. Unguwar da hanyoyinta suke kamar taru, in an toshe nan ka bi can. Wadda take kamar reshe, mutum ɗaya ya ja katanga a bakin lungu, gida ashirin sun shiga uku. Unguwarku, Malam, ta fara kamar taru ta koma reshe.

Akwai hanya mai sauƙi da kowa zai iya auna unguwarsa, ba sai da safiyo ba. Ka fito daga ƙofar gidanka ka nufi kasuwa ko masallacin Juma'a, kana ƙidaya mahaɗar hanyoyi. Ka lura, nawa ne masu kai huɗu, inda za ka iya miƙewa ko ka yi dama ko hagu? Nawa ne masu kai uku? Lungu nawa ka wuce wanda in ka shiga sai ka ci karo da bango ka dawo? In masu kai huɗu suka yi yawa, unguwar a buɗe take. In lungunan da ba su ɓullewa suka rinjaya, to ta fara shaƙewa. Awo na biyu, ka dubi gidan da kake hangen rufinsa daga tsakar gidanka, ka ƙidaya taku nawa za ka yi kafin ka kai ƙofarsa. Akwai unguwannin da za ka ji kiran salla kamar a kunnenka, amma kafin ka zagaya ka isa masallacin an yi raka'a biyu.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Wani zai ce ai tsofaffin garuruwanmu ma lunguna ne. Gaskiya ne, amma a duba da kyau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da Ƙofar Kade. Daga baya ya mayar da Wurno ribaɗinsa, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. A irin waɗannan garuruwa, kowace ƙofa tana da hanyar da ta taso daga gare ta ta nufi fada da masallaci da kasuwa. Ƙananan lunguna kuma suna zubowa cikin waɗannan manyan hanyoyi. Lungunan matsattsu ne, masu lanƙwasa, don an yi su ne saboda mai tafiya ƙasa da jaki da raƙumi, amma akasarinsu in ka bi za su fid da kai wani wuri.

Abu biyu suka riƙe wannan tsari. Na farko ganuwa, wadda ta hana gari watsewa barkatai. Na biyu hukunci. Ba mai tashi ya ci hanya a zuba masa ido, domin akwai sarki da alƙali da mai unguwa, kuma kowa ya san hurumin gari da burtali da bakin rijiya ba na mutum ɗaya ba ne. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasa da hurumi. A hadisi ma an ƙayyade zira'i 7 a matsayin faɗin hanya in mutane suka yi jayayya a kanta, wato wajen mita uku da rabi, abin da zai isa dabba mai kaya ta wuce. Kun ga ke nan barin hanya ba Turawa suka kawo mana shi ba.

Da Turawa suka zo sai suka kawo nasu salon, na tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna kamar gidan dara. Sabon Garin Kano, wanda aka shata wajen 1913, shi ne misalin da 'yan kasuwarmu suka fi sani. Duk cunkoson da ke cikinsa yau, baƙo ba ya ɓata, mota kuma na shiga ta fita ta kowane layi.

ABIN DA KE TURA GARI WAJE

To me ya sa garuruwanmu ke ta faɗi haka? Dalili na farko yawan jama'a. A ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da 180,000 a Ƙaramar Hukumar Goronyo, fiye da 160,000 a Wurno, kusan 150,000 a Rabah. Yaran da aka ƙidaya a goye a wannan shekara, yau wasunsu neman filin gini suke yi.

Na biyu, aikin hukuma. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duk garin da ya zama hedkwata sai ya sami sakatariya da asibiti da makarantar sakandare, kuma a bayan gari ake gina su don can ne fili yake. Ma'aikata su bi, masu shayi da masu tireda su bi, kafin ka ankara gonakin da ke tsakani sun zama gidaje. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, ita ma ta jawo ma'aikata da manoman rani da masunta.

Na uku, kwalta. Ku dubi babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Achida ya nufi Goronyo da Sabon Birni. Kowa so yake ƙofarsa ko shagonsa ya dubi titi. Sai gari ya miƙe kamar igiya, shago manne da shago, ba a bar ƙofar shiga baya ba sai jefi-jefi. Waɗanda suka zo daga baya su gina a bayan wannan jeri, kowa ya nemi tsagar da zai ratsa ya fito titi.

Na huɗu, masifa, Allah ya kiyashe mu. Ruwa ya kori wasu daga fadama zuwa tudu kamar yadda ya kore ka. Rashin tsaro kuma ya kori wasu daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Mun tuna yadda mutanen Tabanni da kewaye suka kwarara Gandi ta ƙasar Rabah bayan harin watan Yuli na 2018. Wanda ya gudo da iyali cikin dare, inuwa yake nema, ba ya da sukunin tambayar ina hanya za ta bi nan da shekara goma. Ba kuwa wanda zai ga laifinsa.

Haka abin ya faru a Sakkwato kanta, sai dai can ya fi girma. Tun da ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 take bazuwa, har ta haɗiye wuraren da a da gonaki ne da ƙauyuka, irin su Mabera da Arkilla da Gidan Igwai da Dambuwa. Inda hukuma ta riga mutane isa ta yanka filaye, za ka ga layuka a miƙe. Inda mutane suka riga hukuma, sai lunguna. Mutanen Mabera sun daɗe suna kuka da kwanciyar ruwa da damina, domin inda ba a bar wa mutum hanya ba, ba a bar wa ruwa ba.

LISSAFIN MAI GONA

Yanzu mu zo kan gundarin tambayarka, wato yadda hanya ke ɓacewa. Ka ɗauki alli mu yi lissafi, kun san tsohon malamin makaranta ba ya rabuwa da allo.

Mutum yana da gona a bakin gari, tsawonta mita 100, faɗinta mita 100. Fulotin da aka saba yankawa shi ne ƙafa 50 a ƙafa 100, wato kamar mita 15 a mita 30. In ya yanka gonar duka bai bar komai ba, zai sami fuloti 22. In ya bar kashi ɗaya cikin huɗu don hanya, 16 zai samu. Ka ga fuloti 6 sun tafi. Mai gona na ganin wannan a matsayin asara, dillali ma haka, tun da la'adarsa a kan kowane fuloti take. Sai a bar 'yar siririyar hanya ɗaya ta ratsa tsakiya, ta je ta tsaya a iyakar gonar.

Maƙwabcinsa kuma ba zai sayar da tasa gonar ba sai bayan shekara uku ko biyar. Ran da ya tashi yankawa, da nasa dillalin zai zo da tasa igiyar, ba ruwansa da inda hanyar wancan ta tsaya. Sai ya dasa fuloti daidai bakinta. Shi ke nan, hanya ta mutu. Mutanen Kano suna kiran irin waɗannan filaye awon igiya. Kowace gona ta zama tsibiri, iyakokin gonakin da suka karkace su ne suka zama lungunan unguwa.

Bayan wannan sai cin hanya na sannu-sannu ya biyo. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a waje, wani ya kafa rumfar shago, wani ya turo katangarsa taku ɗaya ya ce ai ba kome. Sai rabon gado ya zo, gida ɗaya ya zama huɗu, kowa na son ƙofarsa. Hanyoyi biyun da ka ce kun rasa, Malam, ina kyautata zaton dama ba hanyoyi ba ne a takarda ko a gaban shaidu. Filayen mutane ne da ba su tashi gini ba, kuka mai da su hanya, ran da masu su suka sami kuɗin tubali suka rufe abinsu. Wannan shi ne tarkon da yawancin masu sayen fili a bayan gari ke faɗawa: ganin fili a buɗe sai a ɗauka haka zai dawwama.

BA MU KAƊAI BA NE

Ka tambaya ko haka abin yake ko'ina. A shekarar 2020 wasu malaman jami'a biyu, Christopher Barrington-Leigh na Kanada da Adam Millard-Ball na Amurka, sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan taswirar titunan duniya, masu tsawon kilomita miliyan 46. Sun gano cewa a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, titunan sababbin unguwanni sun fi na da rashin sarƙuwa da juna, in aka kwatanta tun daga 1975. Sai dai dalilin kowa daban. A ƙasashen masu kuɗi da gangan ake yin unguwa mai ƙofa ɗaya da maigadi, kowa na da motarsa. Mu kuwa namu rashin shiri ne da neman fuloti.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, wadda hedkwatarta ke Nairobi ta ƙasar Kenya, ta ba da shawarar gari ya ware kamar kashi 30 cikin 100 na filinsa don tituna. A rahotonta na 2013 ta nuna cewa birane da yawa na Afirka ko kashi 15 ba su ware ba, bayan gari kuwa abin ya fi haka muni.

Abin da ya sa masana ke damuwa shi ne, gida na faɗuwa a sake shi, hanya kuwa inda aka shata ta nan take zama. A 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan. Masana suka zana sabon tsari na tituna miƙaƙƙu, amma masu filaye kowa ya matsu ya koma kan nasa, aka sake gina birnin bisa tsofaffin lungunansa. Wasunsu suna nan har yau. In gobara irin wannan ba ta iya sauya hanya ba, to lungun da muka bari yau jikokinmu ne za su gaje shi.

DARASIN MARAƊI

Ga wani misali na kusa da gida wanda ya yi kama da naku. Da can garin Maraɗi a cikin kwari yake, bakin gulbi. A 1945 ambaliya ta ci garin, sai aka tayar da shi aka mai da shi kan tudu. Kafin mutane su fara gini sai da aka shata tituna masu faɗi, masu gicciye juna, sannan aka raba filaye. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Maraɗi sun ga abin da idonsu, babbar mota na shiga cikin unguwa ta sauke kaya ta fita ta wani layin. Gulbin Maraɗin nan kuwa shi ne ke gangarowa ya zuba cikin gulbin Rima da ya ci ku. Ruwa ɗaya ne, bambancin shi ne su an ja igiyar hanya kafin a ja ta gida. Ban ce a yi wa mutane tilas irin ta zamanin Faransa ba. Abin ɗauka shi ne, lokacin da gari ke sabon zama, turaku da igiya kawai hanya ke ci. In aka bari sai an gina, to sai rusau da diyya da gaba tsakanin dangi.

WA KE BIYAN KUƊIN LUNGU?

Fuloti 6 ɗin nan da mai gona ya ƙi bari, ba a banza suka tafi ba, akwai masu biyan kuɗinsu kullum. Kai ne na farko, Malam. Buhun albasar da a da amalanke ke kawowa ƙofar gida, yanzu sai a sauke a bakin titi ka biya 'yan dako, ran kasuwar Lahadi kuma ka sake biya a fitar. Taki haka, yashi da siminti haka. Mai kabu-kabu zai ƙara maka kuɗi don zagaye. Yarinyar da ke ɗebo ruwa sau huɗu a yini, in zagayen ya ƙara mata taku 300 zuwa, 300 dawowa, taku 2,400 ke nan a banza kowace rana, da tulu a ka a rabinsu.

Sai ruwan sama. Lambatu bin hanya yake yi, in hanya ta mutu a bango, nan ruwa zai kwanta ya jiƙa gindin gini, ya tara sauro. Masu kafa turakun lantarki da masu shimfiɗa bututun famfo su ma hanya suke bi. Unguwar da ba ta da ita, ko an kawo aikin sai ya tsaya a bakin titi.

Sai ranar da ba a fata. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 sun san abin da wuta ke yi cikin sa'a guda. Motar 'yan kwana-kwana faɗinta ya kai mita biyu da rabi, ba ta shiga inda babur kaɗai ke shiga. Ni kaina, lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare kafin in zo gidan rediyo, na zauna haya a irin wannan lungu. Wata rana da dare naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabcina, aka samo mota da ƙyar, amma ta tsaya can bakin titi. A tabarma muka ɗauko baiwar Allah nan, mu huɗu, muna karkata ta a kowace kwana, fitila a bakin wani yaro. Allah ya sa an kai asibiti da sauran kwana, ta sauka lafiya. Tun daga ranar ban ƙara ganin dakalin da ya ci hanya na ɗauke shi ƙaramin abu ba. Kuma kowa ya taɓa ɗaukar makara a lungun da ba ta juyawa ya san abin da nake nufi.

Akwai riba kuma ga mai gonar kansa in zai duba. Fulotin da mota ke zuwa ƙofarsa ya fi na cikin lungu daraja nesa ba kusa ba, kowane dillali ya san haka. Sau da yawa 16 masu hanya za su kawo abin da 22 marasa hanya ba su kawo ba.

MAGANAR TSARO

Na san wani zai ce, Malam, a wannan zamani da muke ciki, bayan abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ai gara unguwa mai ƙofa ɗaya da za a iya tsarewa. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Lungu marar ɓullewa yana da amfaninsa, baƙo ba ya ratsawa, yara na wasa ba fargabar mota, mata na shiga gidajen juna a sake. Amma a tuna, ƙofar da ta hana mugu shiga ita ce za ta hana mata da yara fita in ya riga ya shigo, ko in wuta ta tashi daga bakinta. Shawarata ita ce, in unguwa ta ga lallai sai ta rufe wata hanya, ta sa ƙyaure da za a kulle da dare a buɗe da safe, mabuɗi a hannun mutum biyu ko uku. Ƙyaure ana cire shi ran da lafiya ta samu. Ɗakin da aka gina a kan hanya kuwa ya zauna ke nan.

ABIN YI

Game da taka matsalar, Malam, tun da tubali aka zube ba a fara gini ba, ba ka makara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je da faɗa. Ku taru duk masu bin lungun, ku sami mai unguwa da liman, a kira wanda ya sayar da filayen da shaidun ciniki, a tambaye su ina aka ce hanya take ran da aka sayar. In ta tabbata hanya ce, a kafa mata turaku a gaban kowa, a rubuta, hakimi ya sa hannu. In kuwa ta tabbata cikin filin mutumin take, to haƙƙinsa ne, sai ku roƙe shi ku haɗa kuɗi ku sayi abin da zai ishe ku wucewa. Ko nawa ne, ya fi araha yau bisa ga bayan ya yi rufi. In abin ya gagara, sai ku kai ga uban ƙasa da sashen filaye na ƙaramar hukuma, kotu ita ce ta ƙarshe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Akwai kuma dokar tsara birane ta 1992, da hukumar tsara birane ta jiha a Sakkwato. Saboda haka neman hanya ba roƙon alfarma ba ne, akwai ofisoshin da aikinsu ke nan.

Ga mai shirin sayen fili kuma, kafin ka tambayi kuɗi ka tambayi hanya. Ina ta fito, ina ta ɓulle, ƙafa nawa ce? A rubuta ta cikin takardar ciniki tare da iyakoki huɗu. Ka je ka ga filin da damina, ka ga inda ruwa ke bi. In an ce maka "ai ko'ina hanya ce", to ka riƙe kuɗinka.

Ga masu gonakin bakin gari, ku zauna da maƙwabtanku tun kafin kowa ya sayar, ku daidaita inda hanyoyi za su ratsa, ta wannan ta shiga ta wancan. In hanyar kan iyaka ce, kowa ya ba da rabi. Hanyar cikin unguwa kada ta gaza ƙafa 30, don mota biyu su gifta juna a kuma sami wurin lambatu. Kada jerin gidaje ya wuce fuloti 8 ko 10 ba a yanka wata hanya ta gicciye ba. Kowace unguwa ta sami mafita biyu ko fiye.

Ga iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi, da girmamawa muke roƙo, a riga gini isa fili. Burtali da tsofaffin hanyoyin ƙauyuka da na fadama su ne manyan titunan gobe, a tsare su kada a yanka. Ba sai an jira kuɗin kwalta ba, a kafa turakun siminti, a dasa dogon yaro a jere gefe da gefe. Itacen da ya girma shaida ne da ba a saye shi, ga kuma inuwa. Mai unguwa kuma kada ya sa hannu a cinikin filin da ba a nuna masa hanyarsa ba.

To Malam, da fatan ka gamsu. Muna son ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda kuka ƙare da maƙwabcin naka, don wasu su ƙaru. Ka gai da mutanen Kagara da na Goronyo baki ɗaya. Masu sauraronmu na Wurno da Achida da Rabah da Gandi da suka aiko da tambayoyi kan ajiyar albasa da tsadar taki, wasiƙunku sun iso, suna kan layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.